Akwatin Nura a bakin teku

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya jikin Baba, ya yara da mutan gida? Mu nan lafiya, sai ɓacin rai.

Na san an gaya miki ɗanki Nura yana binne asiri. Ƙarya ce. Wasa ne na mutanen nan: a ɓoye ƙaramin akwati a wurin tarihi, wasu su bi taswirar waya su nemo shi. Da haka ya zagaye gaɓar tekun tsibirin Long Island, har ya san ƙabilun da aka kora, aka bar sunayensu a kan garuruwa.

Ilu mai tasi ne ya kai shi bakin teku, ya ga ya tura akwati ƙarƙashin dutse. Kafin la'asar duk unguwarmu ta Parkchester ta ji. Alhaji Mamman, maigidan Nura, ya kore shi daga shago, wai cinikinsa ake ɗaurewa. Asirin kuwa fensir ne da 'yar motar roba.

Gobe zan kai Alhaji wurin ya buɗe akwatin da hannunsa. Ke kuma ki daina tambayar yaron ko gaskiya ne, wannan ta fi korar yi masa ciwo. Ki kira shi, ki sa masa albarka.

A gaida kowa, a sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Bashir