Cinikin Fir'auna da Riƙon Chundung

Lewisham, Landan
14 ga Afrilu, 1975

Zuwa ga Yayana Rwang,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan kana lafiya, kai da iyali, kuma ƙafar Mama ta yi sauƙi. Allah ya ba ku damina mai albarka, acca ta yi kyau. Mu nan lafiya lau. Maigidana Haggai ya gama jarrabawar aikin safiyo, ni ma na karɓi takardar ungozoma. A watan Agusta zan dawo in kama aiki a asibitin ƙauyenmu, kamar yadda na yi wa Allah alkawari a gaban ikilisiya kafin in taho.

Akwai abin da na daɗe ina ɓoye muku. 'Yarmu Chundung ba ta wurinmu. Tun tana wata biyar muka ba wata Baturiya riƙonta a Kent, kamar yadda ɗalibanmu da yawa suke yi a nan, don gidan hayarmu ɗaki ɗaya ne, mu biyun kuma muna karatu. Sau ɗaya a wata muke hawa jirgin ƙasa mu dubo ta, yanzu shekararta huɗu. Haggai ya kawo shawarar mu bar ta har ta gama firamare, wai da arzikin man fetur da ya samu a gida ma'aikaci ba zai rasa kuɗin jirgin zuwa dubo ta duk shekara ba. Na yarda, har ina yaba wayonmu.

To, bayan Ista sai zumuntar matanmu ta Catford ta ɗora mini koyarwa a kan fitar Isra'ilawa daga Masar. Ka san halina, na shirya tsaf don in gasa wa masu latti da masu fashin sujada magana. Laifi tudu ne. Ina cikin bayani sai na lura Fir'auna ɗan kasuwa ne, bai ƙi sujadar ɗungum ba, tayi ya riƙa yi. Ya ce su yi hadayarsu nan cikin ƙasa, Musa ya ce albarka. Ya ce maza su tafi su bar yara, Musa ya ƙi. Ya ce to su bar garkuna, nan ma ya ƙi, don ba su san abin da Allah zai nema ba sai sun isa. Fir'auna ya san wanda ya bar ɗansa a baya bai tafi ko'ina ba. Yaya, bakina ya mutu a gaban mata shida, suka ɗauka tari ne ya sarƙe ni, aka miƙo mini ruwa.

Ran Asabar na je Kent. Chundung ta ɓuya a bayan matar, tana leƙena, tana kirana anti. Da na faɗi abin da ya kawo ni, cewa da yarinyar za mu koma gida, matar ta zauna ta yi kuka, ta ce ita ta ga fitowar haƙorin yarinyar na farko. Ba ita ce Fir'auna ba, baiwar Allah ce. Ni ce nake ciniki da Allah, in ba shi hannuwana a asibiti in ajiye zuciyata a Ingila.

Kwana biyu Haggai bai ci tuwona ba. Ya lissafa mini zazzaɓin cizon sauro da makarantarmu mai yoyo, kuma bai yi ƙarya ba. Ina jin tsoro, ba na ɓoye maka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yarinyar ce za ta fi mu shan zafin wannan rabuwa, ita da ba ta yi alkawarin komai ba. Amma yau Haggai ya je da kansa ya sa sunanta a fasfona.

Ka karanta wa Mama wannan a hankali. Jikarta ba za ta iya gaishe ta ba, ba ta jin Birom, ba ta jin Hausa, za ta ƙi gwate, za ta yi kukan wata uwa. Kada kowa ya yi mata dariya. Ni ma sai na koya mata cewa ni ce na haife ta.

Ka gai da Mama, da matarka Hansai, da yara duka. Ku shirya wurin kwanan mutum uku.

Taka ƙanwa,
Dinatu