Ba Su Tambaye Shi Inda Ya Tsaya Ba

Zuwa ga ƙanena Garba, bayan gaisuwa irin wadda rayayye ke aika wa wanda ya riga shi kwanciya. Liman ke rubutawa, ni ke faɗi. Ka san ni da alƙalami.

Tun shekarar da Turawa suka dasa duwatsun iyaka, gonarmu ta kwana a hannun Ingilishi, taka a hannun Faransi, ban ga abin da ya ɗaure ni kamar zancen ɗanka Umaru ba.

Ka bar mini shi amana. Shekara huɗu ya yi a lakwal, makarantar bokon Faransi, can wajenku. Da aka fara ɗibar samari soja, na sa shi cikin kwalekwale na kawo shi Bagudo. Na ce karatu ai ba ya jiƙewa a hanya.

Na kai shi makarantar boko ta wanga ɓangare. Babban malaminsu mutumin kirki ne, har ruwa ya ba ni. Amma ya ce dokar da aka ba shi ba ta san shekarun Faransi ba. Sai dai aji ɗaya, daga farko. Na ce to lissafi hwa? Awaki bakwai na Faransi, in sun ƙetaro ruwa, shida suke komawa? Ya yi dariya, ya ce gaskiyata, amma ba shi ya yi dokar ba.

Garba, ka tuna da malaminka na allo ya rasu, Baba ya kai ka wurin wani a Lafagu? Bai tambayi wa ya koya maka ba. Cewa ya yi, "Ina ka tsaya?" Ka karanta, ya ce ɗora. Shi ke nan. Su waɗanga ko tambayar ba su yi ba.

Yanzu yaron ga shi da gashin baki, zaune cikin 'yan yara masu faɗuwar haƙori. Suna kiransa Baban Aji. Jiya ya dawo bai taɓa tuwo ba. Ya ce gara ya koma. In ya koma, soja. In ya zauna, wagga dariya. Na auna duka biyun, babu inda zan sa ƙafa.

Allah Ya haskaka makwancinka, ɗan'uwana. Ya sa inda ka tafi a karɓi aikinka duka, kada a ce ka sake daga farko.

Gobe da safe zan ɗauki buzuna in bi shi ajin, in zauna gefensa. Ni ne ban san ko baƙi ɗaya ba, ni ya dace da wurin. Yaran su yi dariyar farin gemu, su ƙyale mini ɗanka. Kuma ba ni tashi sai an tambaye shi inda ya tsaya.

Ni ne yayanka,
Mamman mai taurin kai