Faisal Ya Zama Kyaftin, Saura Inna Ta Gan Ni

Zuwa ga Mai Girma Manajan Harkokin Jirage na kamfanin da nake wa aiki a nan Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali.

Ranka ya daɗe, yau wata goma sha shida da kwana tara rabona da Ringim. Na fara da wannan ne don kada in manta da shi, domin yau cikin farin ciki nake, kuma na san halina: in ina murna, sai in yafe abin da bai kamata in yafe ba.

Sunana Lawal Isiyaku, kyaftin na helikwaftar da ke kai ma'aikata jirgin haƙar mai a tsakiyar Bahar Maliya, ta kwaso waɗanda suka gama zangonsu. Sau uku ina rubuto maka ta ofis da Turanci mai ladabi, shiru. Wannan karon na rubuta da Hausa, a fili, inda 'yan'uwa na Jidda da na gida za su gani. Wanda zai juya maka ita da Larabci yana nan kusa da kai, kuma da maganarsa zan fara.

1. Albishir. Ranar Alhamis da ta wuce, Faisal, mataimakina na shekara huɗu, ya ci jarrabawarsa ta ƙarshe ya zama kyaftin. Kai ka ga sakamakon a takarda, ni kuwa ina ciki. A aikinmu akwai wata ƙa'ida: matuƙi ba ya sakin sandar tuƙi don kawai ya gaji. Sai ya ce wa na gefensa jirgi na hannunka, na gefen ya amsa cewa jirgi na hannuna, shi kuma ya sake maimaitawa, sannan ya ɗauke hannu. Sau uku, da baki, ko da kuna kallon juna. Shekara huɗu ina ba shi jirgi ina karɓewa. Ran nan shi ya zauna a kujerar dama, ta kyaftin, ni na koma hagu, mai jarrabawa na bayanmu da allonsa. Teku ba ta kwanta ba, dandamalin sauka na hawa yana sauka kamar ƙirjin mai barci. Na naɗe hannuwana a cinya, yatsuna na ƙaiƙayi. Faisal ya jira, ya jira, sannan ya ajiye mu kamar mai ajiye kofin shayi cike a faranti. Ban san lokacin da na yi kabbara ba, har mai jarrabawa ya yi dariya.

Washegari bayan Juma'a mahaifiyarsa, Hajiya Zainabu, ta tara mu a gidansu na unguwar Sa'alaba, inda suka koma bayan an rushe tsohuwar unguwarsu ta Karantina. Kakan Faisal da ƙafa ya zo aikin Hajji daga ƙasar Kano, bai koma ba. Yanzu ga jikansa yana tuƙa jirgi bisa tekun da kakan ya ƙetare a kwale-kwale. Hajiya ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Aka jera shinkafar Larabawa da tuwo miyar kuka a tabarma ɗaya. Faisal ya tashi zai yi godiya da Hausa, ya kira ni Kawu, ya yi jimla biyu, da yake jin Hausa ya fi masa furta ta, ta ƙare masa, ya ce halas, wato shi ke nan, ya ƙarasa da Larabci da hawaye. Na ci tuwo malmala uku. Rabon da in yi dariya irin ta ranar, har na manta.

Na gode maka da ka tura shi horon ƙarshe. Da gaske nake.

2. Ba zan zalunce ku ba. Na san kamfani na cikin matsi. Jirginmu na biyu ya shafe wata biyar a rumfa yana jiran wani ƙarfe na inji daga waje. Masu haƙar mai, duk lokacin sabunta kwangila, sai sun matse farashi. Matuƙa sun yi ƙaranci: tsararrakina suna ajiye aiki, masu tasowa kuma jirgin fasinja suke so, ba su son warin mai da rigar ruwa mai zafi. Duk da haka albashina bai taɓa makara ba, iƙamata, takardar izinin zamana, ba ta taɓa mutuwa a hannunku ba, ba ku kuma taɓa tilasta mini tashi da jirgin da injiniya bai yarda da shi ba. Na faɗi wannan a fili kamar yadda zan faɗi sauran.

3. Ga sauran. Yarjejeniyata ta ce mako takwas a bakin aiki, mako huɗu a gida. Hakan na yiwuwa ne saboda kowane kyaftin na da abokin canji, in wannan ya tafi wancan ya zauna. Nawa ya samu inda ya fi biya ya tafi, ban ga laifinsa ba. Kuka ɗauko matuƙa 'yan kwangila daga waje, ɗaya bayan ɗaya, har uku. Kowanne kafin ya gama sanin iskar Bahar Maliya ya haɗa jakarsa. Duk wannan lokacin Faisal na zaune a gefena, sa'o'in tashinsa sun cika, saukarsa a dandamali ni na sa hannu a kan kowacce. Ɗan ƙasa ne, babu maganar kafilin da zai tsaya masa ko biza, uwarsa na Sa'alaba, ina za shi? Abin da ya rage masa mako ɗaya ne a na'urar gwajin tuƙi a ƙasar waje. Sau huɗu kuna ɗagawa, wai da tsada. Kullum na shigo ofishinka, sai shayi da dabino da bukra in sha Allah, wato sai gobe. Sai da sa'o'in da doka ta yarda in tashi suka ƙare, jirgi ya yi kwana tara a ƙasa, masu kwangila suka ɗaga murya, sannan cikin kwana biyu aka samu kuɗin tikitinsa.

Za ka ce ana ba ni hutu. Ana ba ni, na doka: kwana biyu ko uku a ɗakina na unguwar Khumra, tsakanin rumbunan kaya da masu walda. Wannan hutun jirgi ne, ba na mutum ba. Hutuna na gida biyar ne suka wuce.

4. Ranar Lahadi na shigo da sauran murnata, na tsaya gaban allon jadawali. Na ga an rubuta Kyaftin gaban sunan Faisal, na ji daɗi. Sai na bi layin da yatsa: an ɗora shi a jirgi na biyu, kan sabuwar kwangilar da kuke shirin karɓa. Sunana kuwa yana inda yake, kowane mako, har ƙarshen takardar. Wato shekara huɗu ina rainon wanda zai karɓe ni, ranar da ya isa karɓa sai kuka kai shi wani wuri. Ranka ya daɗe, wannan ba ƙarancin matuƙa ba ne. Wannan zaɓi ne, kuma a teburinka aka yi shi.

5. Ga dalilin da ya sa ba zan ƙara shan shayin haƙuri ba. Mahaifiyata, Inna, yanar ido ta hana ta gani shekara tara. Mun yi lallashi har mun gaji, ta ce ba mai kai wuƙa idonta. Sai da aka yi wa ƙanwarta aikin ido ta dawo tana tsince tsakuwa a shinkafa, sannan kishi ya yi abin da lallashi ya kasa. Wata biyu da suka wuce aka yi mata, aka kuma dace. Ta ga jikokinta, ta ce wasu ba su kai kyan da ake faɗa mata ba. Ta ga an yi wa ɗakinta shuɗin fenti ba da saninta ba, ta yi faɗa kwana biyu. Gidanmu ya cika da dariya, ni ina saurare ta waya.

Ta ga kowa ban da ni. Yara sun kira ni ta bidiyo sun miƙa mata, ta kife wayar a cinya. Ta ce ba za ta ɓata sabon ido a kan fuska mai girman kwalin ashana ba, in zo ta gan ni tsaye a ƙofa. Har yau haka muke magana, waya a kife. Rabonta da fuskata, gemuna baƙi ne wuluk. Yanzu babu baƙi ko ɗaya, kuma na hana kowa ya gaya mata. Shekarunta sun haura tamanin. Ba ni da jadawalin da ya nuna mini makonninta.

Saboda haka ina roƙon abu uku.

Na farko, a bar Faisal ya zauna a kujerata kwana ashirin da takwas daga farkon watan gobe, a sa hannu a bizata ta fita da dawowa cikin makon nan. Sabuwar kwangila ta jira wata ɗaya, ƙarfen inji ma an jira shi wata biyar.

Na biyu, kada a sake yi mini tayin biyan kwanakin hutuna da kuɗi. An yi sau biyu, na gode, Inna ba riyal take son gani ba.

Na uku, akwai mataimaka biyu a bayan Faisal, sa'o'insu sun kusa cika. A tura su yanzu, kada a jira jirgi ya sake kwana a ƙasa. Ni zan koyar da su da hannu biyu idan na dawo, kuma zan dawo.

Na faɗi nawa: jirgi na hannunka. Ka san ƙa'ida, ba zan saki ba sai na ji amsa, kuma ban taɓa barin fasinja a teku ba. Amma ka amsa.

Allah ya buɗa wa kamfanin nan, ya sauke kowane jirginmu lafiya, ya ba ka ikon yin adalci, ya bar ka da iyayenka in suna raye, ya jiƙansu in sun rigaye mu.

Ga abin da na tara a wata goma sha shida: kwana ɗari da arba'in na hutu da ban ci ba, ashirin da takwas kawai nake nema. Jarkar zamzam ɗaya. Dabino kwali biyu. Tabarau ɗaya na rana, kamar yadda likita ya ce. Sai mayafi huɗu, kore da ja da ruwan ƙwai da mai furanni, domin shekara tara ina saya mata kowane launi na samu, yanzu kuwa ita za ta zaɓa.

Wassalam.

Kyaftin Lawal Isiyaku,
Khumra, Jidda.