Sabulun da ya ci ƙodarki, Yaya Rabi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Zuwa ga yayata Rabi, da fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ni ce ƙanwarki Saratu, daga gidanmu na Isa. Na san ba ki karanta wagga takarda, amma mutane za su karanta, kuma su nake so su ji.

Kin tuna yadda hannuwanki sunka fara ƙuraje saboda kitso. Kullum kina cikin kawunan mata, ga mai, ga zufa. Sai Alhaji Sambo, ƙanen mijinki, wanda ke shigo da kaya daga Nijar ta Burkusuma, ya kawo miki wani sabulu mai launin toka. Yac ce yana kashe ƙwayoyin cuta, likitocin waje ma da shi suke wanka. Ƙurajen sunka kwanta, kinka yarda da shi. Da shi kike wanka, da shi kike wanke wa ɗiyarki Nana jiki tun tana goye. Har matan da kike wa kitso kina nuna musu shagonsa.

Sannan ƙafafunki sunka fara kumbura. Fuska ta biyo baya, har zoben aurenki sai da anka yanke shi daga yatsa. Munka yi ta jiƙe-jiƙe, munka ce sammu ne. Da munka kai ki Sakkwato, likita ya tambaye mu abin da kike shafawa a jiki. Na miƙa masa ragowar sabulun. Ya sa anka gwada, ya dawo yac ce akwai guba cikinsa wadda anka hana sawa a sabulu, tana ratsa fata ta taru a ƙoda sannu a hankali. Ke kuwa kina kwance kina cewa kar a ga laifin Alhaji, bai sani ba.

Ya sani, Yaya. Ga abin da ba ki gani ba.

Ranar da kinka rasu anka zo yi miki wanka, ni da Gwaggo da Hajiya Kulu matar Alhaji munka shiga. Gwaggo ta lalubo sabulu a kwandonki, ba ta san ko wane iri ne ba. Hajiya Kulu ta fizge hannun Gwaggo da sauri, ta sa tsumma ta ɗauke shi, bakinta ya suɓuce tac ce su a gidansu ko taɓa shi ba a yi, tun da Alhaji ya hana. Ta kama baki, amma magana zarar bunu ce. Na tsaya da ƙwarya a hannu ina kallonta, ke kina shimfiɗe tsakaninmu.

Alhaji Sambo ya zo gaisuwa da babbar riga, ya zauna gaba-gaba, shi ke amsa addu'a da ƙarfi. Ban fito ba. Na ji tsoron abin da za ni yi.

Kin sha ce mani, Saratu, zuciyarki kamar tukunyar ƙarfe, in ta ɗauki zafi ba ta saki. To ba ta saki ba. Ranar da na koma Islamiyya na ajiye littafi, na ɗaga sabulun gaban matan da nake karantarwa, na faɗa musu yadda kinka kumbura, na faɗi sunan wanda ya sayar. Wasu sunka yi ta kuka, don da shi suke wanke jarirai. Ranar kasuwa sunka tattaro nasu, sunka zube masa a bakin shago, kowa na gani.

Na kai ƙara wurin hukuma. Anka kwashe kwalayensa, anka tafi da shi, kafin sati ya zagayo ga shi ya dawo yana buɗe shago. Sai ya turo mani dattawa, wai in dubi zumunci, wai malama ba ta riƙo. Na ce musu yafiya ta mai haƙƙi ce, mai haƙƙin kuwa tana kabari, su je can su roƙa. Mijinki ya daina amsa gaisuwata. Ban damu ba.

Na je garin Turba na faɗa. Za ni Sabon Birni, inda na ji yanzu yake kai kayan a ɓoye. Gidan suna, gidan biki, duk inda mata sunka taru za ni tsaya, har sai sunansa ya zama abin da ake tofar da yawu in an ji.

Nana tana wurina. An gwada jininta, an ce a riƙa kawo ta ana dubawa. Kowace safiya sai na matsa ƙafarta da yatsa in ga ko wurin zai lotsa. Ita dariya take yi, ta ɗauka wasa ne. Ta iya kitson ɗiyar tsana, kuma tana cije leɓe in tana yi, kamar ke.

Allah ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki, ya raya Nana da lafiya. Shi kuwa, Allah ya isa tsakaninmu da shi, ya tsai da shi gabanki ranar da ba dattijon da zai roƙa masa.

Ƙanwarki da ba ta huce ba,
Saratu