Na Riga Na Ba da Shaida

Fadaman Mada, Bauchi
Ranar Talata

'Yata Ƙauna,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya ɗinkin tiyatar, yaya jaririya? Ki gaishe mini da mijinki Toma. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san da furfura na shiga ajin karatun Zumuntar Mata, har yanzu hannuna bai saba da biro ba.

Za ki ce me ya hana ni kiran waya. Maganar ce ba na so bakina ya furta. Mama Gift, shugabar addu'armu, ta koya mana cewa abin da baki ya faɗa shi Shaiɗan ke riƙewa. Na ga rubutu ba faɗa ba ne, shi ya sa na ba direban Gombe wannan takarda.

Ƙanenki Joel ne. Kin tuna ranar godiyar kaka, da na fita gaban majami'a da rawa, mata na buga tulu a bayana, na ba da shaida cewa Allah ya cire masa sikila. Ban yi ƙarya ba, Ƙauna. Damina ta wuce cur bai kwanta ba, abin da ban taɓa gani ba tun da na haife shi. Daga ranar ya ajiye ƙwayoyin asibiti. 'Yan uwansa masu Keke Napep a Yelwa, "Mai Shaida" suke ce masa. Har mata na kawo mini yaransu in ɗora musu hannu.

Yanzu idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Tun wancan mako keke na jingine a tsakar gida. Cizon filo yake don kada maƙwabta su ji. Na ce mu je asibiti, ya ce, "Mama, cike yake da 'yan cocinmu. So kike a ce Allahnki ya yi ƙarya?" Duk wanda ya tambaya ina cewa zazzaɓi ne.

Ina shafa masa man zaitun, ina gasa masa ƙafafu da ruwan ɗumi. Ki taya ni addu'a kawai. Kada ki gaya wa Toma.

Mahaifiyarki,
Jemima

Gombe
Ranar Laraba

Mama,

Ina gaishe ki da girmamawa. Muna lafiya, jaririya na shan nono.

Na yi ta kiranki kin ƙi ɗauka, to ga amsa a takarda tunda haka kike so. Na gaya wa Toma. Ki yi fushi da ni, zan iya ɗauka.

Mama, ki kai Joel asibiti yau, ko da ɗaure shi za a yi. Ke kika raine shi, kin fi kowa sanin abin da wannan idon ke nufi: jininsa ne ya ƙare. Yaushe Allah ya ɗauke ki aikin tsare masa mutunci? Ya ba Joel damina ɗaya ta hutu, kin gode, shi ke nan. Bai ce a zubar da magani ba. Ita Mama Gift ɗin, ba duk wata take layin karɓar maganin hawan jini ba? Ko nata ciwon ba ya jin addu'a?

Likita ya hana ni shiga mota da wannan ɗinkin, da yanzu ina ƙofarki. Toma zai zo Jumma'a ya ba da jini. Amma kin san asibiti, ba sa sakin ledar jini sai an kawo mai mayarwa, kuma Joel bai taɓa tashi da leda ɗaya ba. Mutane kike bukata. Suna nan cike da majami'a, waɗanda suka tafa miki. Ki buɗe baki ki roƙe su.

Ki gafarce ni in na yi zafi. Ƙanena ne.

'Yarki,
Ƙauna

Asibiti, Bauchi
Ranar Litinin

Ƙauna,

Salamar Ubangiji ta kasance da ke. A kan cinyata nake rubutu, a barandar ɗakin maza.

Na karanta takardarki na yi fushi, na sa ta ƙarƙashin tabarma, na ƙara kwana. Ranar Alhamis abokinsa Mansir ya leƙo jin dalilin da bai ga kekensa a tasha ba. Da ya ga Joel, bai ko tsaya gaishe ni ba, ya sungume shi kamar buhu sai asibiti. Joel na cewa a sauke shi, Mansir ya ce, "Rufe mana baki, Mai Shaida, in ka warke ka rama."

Likita ya buɗe idonsa ya dube ni ya ce, "Mama, ina kuke tun tuni?" Toma ya ba da jini, Mansir ya bayar, aka ce bai isa ba.

Jiya Lahadi na sa kayan Zumunta na tafi sujada. Da aka ce masu shaida su fito, na fito. Mata har sun ɗauko tulu, sun ɗauka wani abin murna ne. Na ce, "Ɗana bai warke ba. Yana asibiti, jini muke nema." Iyakar abin da na iya faɗa ke nan. Waɗanda suka yi rawa a bayana kowace ta sami abin dubawa a ƙasa.

A bakin ƙofa Mama Gift ta riƙe mini hannu ta ce, "'Yar'uwa, da bakinki kika mayar masa da ciwon." Wannan bai dame ni ba kamar Maman Godspower, wadda ɗanta ma sikila gare shi. Ta tare ni ta ce, "Saboda shaidarki na daina ba yarona magani." Ba ta zage ni ba. Ta ja shi suka wuce. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Samari biyu daga ƙungiyar mawaƙa suka biyo ni, da Baba Andrawus mai gadin coci, wanda aka ce ya tsufa da ba da jini, ya zauna a benci yana kuka. Fasto ya zo da yamma ya yi addu'a.

Amma, Ƙauna, kafin mu iso asibiti, bakin Joel ya karkace. Hannun hagu da ƙafa ba sa motsi. Sun ce ciwon ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ina majami'a lokacin.

Na kasa addu'a. Sai na buɗe Maganar Allah ina bi da yatsa, wurin da Ubangiji Yesu ya roƙa a lambu a ɗauke masa wahala, ba a ɗauke ba, abokansa kuma na barci. Sau nawa aka karanta mana wurin nan ban ji shi ba. Shi ma an ce masa a'a, kuma bai ɓoye ba, ya bari aka rubuta har tsohuwa irina ta karanta. Wannan na riƙe na tashi na wanke wa Joel jiki.

Mahaifiyarki,
Jemima

Gombe
Ranar Alhamis

Mama,

Sannu, Mama. Sannu. Toma ya ba ni labarin yadda kika tsaya gaban jama'a. Ni da na rubuta ki buɗe baki, ban san ko zan iya ba.

Da an cire mini zare zan taho da jaririya, mu zauna tare. Toma ya ce akwai masu gashin ƙashi a asibitin, wasu na samun sauƙi. Ki je wurin Maman Godspower ko ba ta son ganinki, ki tabbata yaron ya koma kan magani. Kuma ki ci abinci, na san ki.

Ubangiji ya riƙe ki.

Ƙauna

Fadaman Mada
Ranar Asabar

'Yata,

Ina gaishe ki. An sallame mu. Na je gidan Maman Godspower, ta amsa mini daga bayan labule cewa sun koma karɓar magani a asibiti. Ba ta ce in shigo ba.

Joel zai rayu. Keke kam likita ya ce a manta da shi. Maganarsa na fita da ƙyar. Ran da muka dawo na durƙusa gefen katifarsa zan yi addu'a, ya ce, "Mama, ya isa." Ya juya fuska bango.

Saboda haka a bakin ƙofa nake yi yanzu, a hankali, in na gama ba shi ƙwayoyinsa. Ba na faɗa wa Allah abin da zai yi. Ina cewa ga mu nan, kada ya bar mu.

Jiya na ɗan ɗaga murya ban sani ba. Idonsa biyu, na ga yatsun ƙafarsa ta dama na motsi. Bai ce in yi shiru ba.

Sai kin zo. Allah ya kawo ku lafiya.

Mahaifiyarki,
Jemima