Bagaruwar Bakin Rijiya

Ollelewa

Zuwa ga jikana Falalu, angona na wasa,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na majema a Damagaram. Yaya ƙafar nan taka mai ciwo? Baduku da ciwon ƙafa, ni dai ban taɓa jin irin wannan abin dariya ba.

Saƙonka ya iso. Ka ce Baturen da ke sayen takalmanku ya daina karɓar fatar da aka jeme da maganin kanti, wai yana kashe ruwa da ƙasa, sai ta bagaruwa. Ka ce in bagaruwa ta yanke muku, cinikin ya tafi wani gari. To kwantar da hankalinka, tsohuwar matarka tana raye. Na tara matan unguwa, mun tsince ta ƙasa, mun kaɗe ta sama. Wadda gora ba ta kai ba, na sa an sassare rassan. Itatuwan bakin rijiya yanzu kamar kanka ranar aski.

Wata Bafulatana, Inna Biba, ta zo tana tsinta a ɗan ƙoƙonta. Na kore ta, na gaya mata wannan bagaruwar ta ƙasar waje ce yanzu. Mata suka yi ta shewa.

Buhunan suna motar ranar kasuwa. Matarka Zuhaira tana nan wurina lafiya, cikin ya sauko, tuwona kuwa ba ta raga masa.

Ka gaida kowa.
Kakarka, Rakiya

Ollelewa

Zuwa ga Falalu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, barka da arziki. Ka ji a waya Zuhaira ta sauka, mace, mai hancinka, Allah ya ba ta haƙuri da shi. Sauran labarin bakina ya kasa faɗa maka a waya, shi ya sa na ɗauko alƙalami.

Zuhaira ta ƙaru wurin haihuwa, wato ta yage. An ɗinke ta a likita, aka sallamo mu. Ka san, ko ba ka sani ba tunda kai namiji ne, mai jego da ruwan bagaruwa take zama. Na ɗora tukunya, na shiga ɗaki ɗebowa. Babu. Na aika gidan maƙwabciyata Mariyama, babu. Na bi unguwa da ƙafata gida gida, kowace ta dube ni ta ce ai ni na auna tata na zuba a buhu. Na je bakin rijiya na ɗaga kai, sai kututture da rana. Ni da na wanke jegon rabin garin nan, na tsaya da tukunya tana tafasa da ruwa zalla, Zuhaira tana cije leɓe don kar in ji nishinta.

Na ja mayafi har ido na tafi ruga. Inna Biba tana dama fura. Na yi sallama, na yi gaisuwar shanu, na yi ta awaki, na koma kan shanun, ina ta kewaye roƙon da ya kawo ni. Ita ta tambaye ni jikin mai jego. Ta shiga bukka ta juye mini ɗan abin da ta tsinta kafin in kore ta, ko ƙwaya ba ta rage wa kanta ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Har bakin hanya ta rako ni.

Zuhaira tana samun sauƙi, alhamdu lillahi.

Yanzu ka saurara. Buhunan da ka ce a ƙaro ba za su zo ba. Itatuwan da na sa aka sare ba za su yi 'ya'ya baɗi ba. Daga yau sai wadda ta faɗo da kanta, ita ma sai kowane gida ya cika tukunyarsa, har da ruga, sannan a auna maka saura. Na san ba za ta ishe ku ba, kuma Baturen yana iya juya baya. Ka gaya masa gaskiya. In yana son ganin ƙasar da takalminsa bai ɓata ba, ka kawo shi bakin rijiya, ni zan tsaya kusa da kututturen.

Na ji kana shirin sa wa jaririya sunana. Kar ka soma. Ka gaya wa liman a sa mata Habiba, sunan Inna Biba.

Ka zo da goro mai kyau, ba irin na aurenka ba.
Kakarka, Rakiya