Baba ya ƙi yarda da wankin ƙoda

Matameye, daren Laraba

Bayan la'asar muka dawo daga asibitin Damagaram. Ƙafafun Baba har yanzu a kumbure suke, takalmansa ma a hannu na riƙo masa su.

Lokotoro, wato likita, ya ce hawan jini ya cinye ƙodojin duka biyu a hankali, yanzu sai wankin ƙoda. Baba ya yi dariya. "Ƙoda dai? Ni da ban taɓa jin ko ɗan zafi a kwiɓina ba? Bana ma ni na nome gonata ta Dungu." Sai ya juyo gare ni. "Rabi, ke da kike karatun jinya, gaya masa."

Na san lokotoro ke da gaskiya. Bara muka yi darasin nan. Yawancin jijiyoyin ƙoda aikinsu daidaita jini ne, ba sa kai saƙon ciwo sai in ta kumbura ko tsakuwa ta tare fitsari. Tana iya lalacewa shiru, mai ita yana ta harkarsa.

A mota na yi masa wannan bayanin. Ya saurara tsaf, ya sa mini albarka, sannan ya ce ba zai koma ba, abin da ba ya ciwo ba a taɓa shi. Inna ma ta ce in ƙyale shi ya huta.

Ɗazu a sujada na ji kaina ina roƙon Allah ya sa Baba ya ji ciwon, ko kaɗan ne, don ya yarda. Ubana fa. Astagfirullah. Ban san me zan roƙa ba kuma.